Ban Ce Masa Ya Buɗe Baki Ba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya ciwon bayan naka?

Sakamakon gwajin Baba ya fito, tarin fuka ne. Kada hankalinka ya tashi, ana warkewa, magani ne na wata shida. Ƙa'idarmu a asibiti ita ce kullum wani ya tsaya a kan mara lafiya, ya ga ya haɗiye, ya duba bakinsa, sannan ya sa alama a kati. Shugabarmu ta so ta ba wata ma'aikaciya aikin, na ƙi. Shekara goma sha ɗaya ina bin gidaje ina sa ƙarti ɗaga harshe, sai a kan mahaifina zan kasa? Baba dai yana nan da halinsa, wai ƙwayoyin na doki ne aka yi kuskure aka ba shi.

Ka shafa mini kan yara.
Ƙanwarka, Auta.

Yayana,

Ina gaishe ka, da fatan kowa lafiya.

An kwantar da Baba a ɗakin da ake keɓe masu cutar. Tarin ya dawo, kuma likita ya ce yanzu ba ya jin maganin farko. Ta gilashin taga nake ganinsa. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu, amma da ya hango ni sai ya gyara hula. Ka daure ka kai yaran a gwada su, tunda a ɗakinsa suka yi hutu.

Taka, Auta.

Yaya,

Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Ranar da muka rabu bayan zaman makoki ka tambaye ni ko ya sha maganinsa yadda ya kamata, na ce bai taɓa tsallake rana ba. Ƙarya na yi maka, kuma ta hana ni sakat.

Jiya na buɗe tagogin ɗakinsa, na fitar da katifa rana. A bayan tsohuwar rediyonsa, wurin da ake sa batir, na tarar da ƙwayoyin cunkushe. Wasu kuma cikin safa. Na zauna a ƙasa na yi kuka har muryata ta dushe.

Wata biyun farko ina tsaye yake sha. Da ya ji sauƙi sai ya fara cewa, “Ajiye nan, Auta, sai na karya.” Ni kuwa in ajiye, in sa alama, in tafi aiki. Ko ranakun da ya kai hannu baki a gabana, kaina a sunkuye yake. Ta yaya zan ce wa mutumin da ya haife ni ya ɗaga harshe in gani? Kunya na ji, Yaya. Katinsa babu gurbi ko ɗaya, har shugabarmu tana nuna wa sababbin ma'aikata shi. Gobe zan kai mata ƙwayoyin in faɗa mata gaskiya.

Maiɗakinka ta ce an samu cutar a jikin ƙaramar 'yarka. Ba zan ce ka yafe mini ba tukuna, abu ɗaya nake roƙo. Idan yarinyar ta yi kuka ta ce da ɗaci, kai ba za ka iya tilasta mata shan maganin ba, uwarta ma ba za ta iya ba. Ku bar wa ma'aikaciyar asibiti katin. Ko ni na zo na ce a ba ni, ka hana ni.

Ƙanwarka,
Auta.