Baƙar Ƙarshe Ba Yaya Bashir

Lahadi, bayan isha'i

Yau aka buga wasan ƙarshe na gasar ƙwararrun sunuka a Ingila. Tun makon jiya na yi musayar ranar aiki a sitonmu na Wendover saboda ita, na manta ba ni da wanda zan kira.

Shekara da shekaru tare muke kallo da Yaya Bashir, shi a Kano, ni a nan ƙasar waje, waya a kunne. Talabijin ɗinsa kan riga intanet ɗina. Ɗan wasa bai gama saita sanda a wajena ba, zai ce, "Ta shiga, Auwalu." Na sha kashe masa waya don haushi.

Wata uku ke nan da rasuwarsa, ko jana'iza ban samu ba.

Matata Hadiza ta leƙo ta ce, "Baban Amira, ka kashe mana, ba dole ba ne." Na ce ta bari.

Wasa ya kai ga baƙar ƙwallo, ta ƙarshe a tebur. Ɗan wasan ya sunkuya, ni kuwa ina jiran muryar Yaya. Baƙar ta gangara a hankali ta faɗa rami, ba wanda ya riga ni gani.

Abin da na yi shekaru ina roƙonsa ke nan, yau na samu.