Rauta Uku a Gidan Inna

Kano, 3 ga Agusta

Yaya Bashira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da Inna da maigidanki Malam Yunusa. Yaya jikin ƙaninmu Misbahu? Allah ya ƙara sauƙi.

Na rubuto ne maimakon waya don na san a gidan Inna kike wuni, kuma duk abin da aka faɗa a tsakar gida yana shiga kunnen Misbahu.

Ga sabuwar rauta, akwatin kama intanet, nan na ba direba, ta wani kamfanin intanet daban. Na gano matsalar kamfanin farko: adireshi ɗaya yake raba wa unguwa guda, kamar gidan haya mai ƙofa ɗaya. Waya ba ruwanta da wannan, amma gem ɗin ƙwallon talabijin da na aiko wa Misbahu sai yana da ƙofar kansa kafin nawa ya same shi daga nan. Ki cire tsohuwar, ki jona wannan a sola, ki jira fitilu uku su koma kore. Sai ki shiga saiti ki danna gwaji, ki rubuto min abin da ya fito harafi-harafi. Don Allah kada ki ce min "ya dai ƙi".

Yaya, na kasa zama wuri ɗaya. Kullum ƙarfe huɗu da rabi nakan ja ƙofar shago, in kunna nawa, in aika masa gayyata, in yi ta jira. Ni nake tuƙa babur ɗin ran nan a hanyar Auyo, ni na tashi da ƙurjewa, shi da ke buga ƙwallo a lamba tara ya rasa ƙafafunsa. Wata goma sha huɗu ke nan bai ɗauki wayata ba. Ƙwallon talabijin ce kaɗai ta rage da za mu iya bugawa tare. In ya buga da ni sau ɗaya, na san ya sauko.

Ki gaida Inna. Ƙaninki,
Ja'afar

Hadejia, 12 ga Agusta

Jafaru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ruwa. Kogi ya cika taf, maza duk suna bakin jinga suna ɗura ƙasa a buhu, ni kuma ka mayar da ni injiniya.

Rautarka ta iso, na jona, fitilu suka yi kore. Washegari na zo, babu sabis ko ɗigo, babu rautar ma! Kwana biyu ina zargin direba, ina zargin kamfani. Ashe ɗakin ne ya fara yoyo, Inna ta ce kayan Ja'afar ba za su jiƙe a gidanta ba. Ta ɗauke ta da wayarta ta jefa cikin babbar tukunyar silba ta jerenta, ta rufe da murfi, ta ɗora dutsen guga a kai saboda ɓera. Na yi dariya har da hawaye, ita kuwa har yanzu cewa take ta yi daidai.

To, mun fito da ita, amma tsugune ba ta ƙare ba. Gwajin ya ce ƙofa a buɗe take. Da safe lafiya lau. Da zarar an dawo daga gona kowa ya ɗauki wayarsa, sai 'yan ƙwallon su daskare a tsakiyar fili da ƙafa ɗaya a sama. In hadari ya haɗo kuwa, sai dai a kashe.

Misbahu yana zaune a kekensa na guragu. Yana kallona daga kan keken, ina ta fama, ko "sannu" babu. Inna tana sa maka albarka.

Yayarka,
Bashira

Kano, 15 ga Agusta

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaida kowa. Ƙarfe yana toshe sabis, a faɗa wa Inna a hankali.

Kamfani na biyu mutane sun yi masa yawa a unguwar Inna, shi ya sa yamma take kashe shi. Ga ta uku nan, baƙa mai ƙaho biyu, da doguwar waya. Wannan karon kada a bar gem ɗin ya kama ta iska, a jona wayar kai tsaye daga rautar zuwa bayansa. Kuma a ɗaga ta sama sosai, ta kalli ƙarfen sabis na ɓangaren garin Malam Madori, ba kogi ba. In ta ƙi akwai wata dabarar. Kullum akwai wata dabarar, Yaya, kada ki gaji da ni. Abinci ma ba ya min daɗi.

Naki,
Ja'afar

Hadejia, 29 ga Agusta

Jafaru,

Bayan sallama da gaisuwa. Ka ji ni shiru. Ba aiki ne ya hana ni ba, rasa ta inda zan fara na yi.

Malam Yunusa ya kawo gorar da yake tuƙa kwalekwalensa da ita. Ya yanka jarka ya sa rautar a ciki saboda ruwa, ya ɗaure a saman gorar, ya kafa a jikin katanga. Kwana goma sha ɗaya ke nan tana aiki. Ba ta daskarewa, ko ana tsawa. Jiya ma Misbahu ya buga da wani mutumin Birniwa da bai taɓa gani ba, ya ba shi huɗu da nema, na ji dariyarsa daga madafa.

Ƙarfe huɗu da rabi sunanka yakan fito a gefen talabijin. Yana gani. Sai ya ajiye abin dannawa a cinya ya zuba wa sunan ido har ya ɓace. Kullum haka.

Saboda haka kada ka aiko ta huɗu, wallahi in ka aiko zan mayar da ita da direban. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Shekaranjiya na tsare shi, na ce ka yafe wa ɗan'uwanka mana, haɗari ƙaddara ne. Ya ce shi bai taɓa riƙe ka da haɗarin ba. Ran da ya farfaɗo a asibiti, kai ya fara tambaya, yana tsoron ka mutu. Aka ce kana lafiya, ka wuce Kano da asuba. Wannan ne yake cinsa.

Na san kunya ce ta kore ka, ba mugunta ba, kuma ina tausayinka. Amma raina a ɓace yake. Ka aiko keke, ka aiko talabijin, ka aiko rauta uku. Kano zuwa Hadejia awa nawa ce? Zuwa da kai ya fi aike, Jafaru.

Na karanta masa wannan takardar kafin in rufe. Ya karɓi biro, tasa tana ciki.

Yayarka,
Bashira

Yaya Ja'afar,

Salamu alaikum. Na gode da kaya, duk suna aiki.

Na duba gem ɗin da kyau. Mutum biyu suna iya bugawa a ɗaki ɗaya, ba sai da intanet ba. Abin dannawa ɗaya ka aiko. Ka taho da naka ranar Juma'a, ruwa bai ci hanya ba tukuna.

In ka shigo kada ka kalli ƙasa. Ni ne a ƙasan, za mu haɗa ido.

Ƙaninka,
Misbahu