Kaka Ce Ke Ɗauke Da Kunyata

Ƙarfe biyu da kwata na ranar wata Lahadi abin ya faru. Na san lokacin ne domin ni mutum ce mai rubuta komai a littafi. Amma bari na fara gaishe ku. Salama a gare ku, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ina roƙo a ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina.

Ni ɗaliba ce, shekarata ashirin da ɗaya. Ina zaune wajen ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Anti, a gidajen ma'aikata da ke kusa da Kudenda, inda mijinta yake aiki a wata masana'anta. Dadi muke ce masa. A gidan akwai mahaifiyarsa, Kaka, wadda ta haura tamanin amma har yanzu ita ke wanke kayanta, kuma ita ke buga tulu idan ana waƙa a zumuntar mata ta cocinmu duk Alhamis. Ni ba mai magana ba ce. Daga makaranta sai ɗaki, sai littafi.

Wata huɗu da suka wuce aka yi mini tiyata aka cire mini matsarmama, 'yar jakar nan da ke tara ruwan ɗaci a ƙarƙashin hanta, saboda tsakuwa ta taru a ciki. Ɗinki ya warke lafiya. Abin da bai warke ba shi ne cikina. Da na ci abu mai maiƙo, kafin minti ashirin sai ya murɗa, sai gudawa, irin wadda ba ta jiran ka nemi takalmi. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta abin da na ci, da lokacin, da abin da ya biyo baya. Ƙosai, matsala. Miyar gyaɗa, matsala. Soyayyen nama, babbar matsala. Faten acha ba mai, lafiya lau. Na gane komai a rubuce, amma ban gaya wa kowa ba. Me ya sa? Domin na san Anti. Tana ƙaunata, amma ba ta iya riƙe magana. Lokacin tiyatar, a gaban coci ta miƙe ta bayyana ciwona tun daga amai har zuwa launin fitsarina, don a yi mini addu'a. Samarin mawaƙa duk suna zaune. Yaya zan ba ta labarin gudawa? Kuma a wajen Anti, wanda ya tashi daga ciwo da mai ake maida shi. “Dubi wuyanki kamar na zakara,” haka take cewa. “Ci, ki maida jiki, kada uwarki ta ce na bar ki da yunwa.”

Ranar Lahadin nan mun dawo daga sujada a coci, ta zuba mini shinkafa da miya mai yana yawo a kai, da cinyar kaza soyayya, ta tsaya a kaina har na cinye. Matan zumunta za su zo taro gidanmu ƙarfe uku. Banɗakinmu ɗaya ne, Dadi kuma yana ciki yana wanka yana waƙa. Na ƙwanƙwasa, ya ce, “Ina zuwa, 'yata!” Na koma falo na zauna a doguwar kujera, na matse ƙafafuna, ina zufa, ina ƙirga daƙiƙa. Kaka tana ɗaya gefen kujerar tana gyangyaɗi. Sai abin ya zo. Ban iya tsayar da shi ba. Na tashi da gudu na zaga bayan gida da bokiti, na wanke jikina, na cusa siket ɗina a leda. Ina canja kaya na ji muryar Anti: “Mama! A kan kujera? Baƙi na hanya fa!”

Na fito. Kaka tana tsaye riƙe da sandarta tana kallon katifar kujerar. Babu wanda ya duba zanenta. Tsohuwa ce, a wurin take, shi ke nan. Kalma uku kawai ake bukata daga bakina, ni ce, Anti, amma sai na kau da kaina gefe. Anti ta juyo ta ce, “Yauwa, 'yar albarka, kawo ruwa da sabulu ki taimake ni.” Ni na wanke katifar. Da matan suka zo, Anti ta riƙa yabona a gabansu, wai yaran yanzu wa zai taɓa ƙazantar tsohuwa ba tare da ya ɓata fuska ba? Wata ma ta dafa kaina ta sa mini albarka. Kun taɓa jin albarka tana ƙona mutum?

Na ce wa kaina kwana biyu za a manta. Ba a manta ba. Washegari aka shimfiɗa leda a katifar Kaka. Aka ajiye mata kujerar roba a bakin ƙofar falo. Dadi ya sayo ƙunzugun manya daga kantin magani, ya miƙa wa Anti yana kallon ƙasa. Na ji Kaka ta cikin ɗaki tana cewa, “Ni da na yi wa mijinki ƙunzugu, yau ni za ki ɗaura wa?” Anti ta ce, “Mama, ba raini ba ne, tsufa ne, kowa zai je.” Aka hana ta zuwa zumunta, wai kada abin ya same ta a cikin mutane. Ranar Alhamis sai ta yi wanka, ta ɗaura zanen zumunta, ta zauna a kujerar robar nan har yamma. Ni kuma ina wucewa ta gabanta da jakar makaranta ina cewa, “Sannu da hutawa, Kaka.”

Abin da ya fi ci mini rai, ni na samu sauƙi. Da na koma asibiti ganin likita, na kasa faɗa da baki, sai na miƙa mata littafina. Ta karanta, ta ce wannan yakan faru da wasu bayan irin aikin, domin ruwan ɗacin yanzu ba shi da wurin taruwa, kai tsaye yake zuba cikin hanji. Ta ce na rage mai, na riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ta rubuta mini magani. Na gaya wa Anti likita ta hana ni maiƙo, ban faɗi dalili ba. Ta ce, “Likitocin nan! Miya ba mai ai ruwan wanki ce.” Amma tana ɗebar mini nawa kafin ta zuba mai. Yanzu ina zama aji awa uku ba tare da na nemi kujerar bakin ƙofa ba. Cikina ya kwanta, ni ce ban kwanta ba. Ina buɗe littafi, layi ɗaya nake maimaitawa.

Makon jiya Dadi ya sanar cewa Asabar mai zuwa za a mayar da Kaka ƙauye, can bayan Kafanchan, wajen matar ɗan ƙaninta. Wai can akwai fili, kuma Anti ba za ta iya haɗa kasuwa da jinya ba. Wace jinya? Ƙunzugun nan kullum a bushe ake cire shi, Anti kuma cewa take dabararta ce ke aiki. Shekara goma sha biyu Kaka tana garin nan. Ƙawayenta suna nan, asibitin da take karɓar maganin hawan jini yana nan.

Idan na faɗa, Anti za ta san na tsaya ina kallo wata biyu ana wulaƙanta uwar mijinta. Dadi, wanda ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa, da wane ido zai dube ni? Kuma na san kafin Lahadi duk coci sun ji. Idan na yi shiru, mota za ta tashi da ita. Na rubuta wasiƙa sau huɗu na yaga. Na fara da Dadi ne ko da Anti? Na faɗa da baki ne ko na ba su littafina su karanta? Ku gaya mini, kwana uku suka rage: me zan yi?

Mutum ɗaya na taɓa yi wa wannan tambayar. Jiya da rana aka sa ni taya Kaka ninke kayanta a jaka. Na durƙusa na gaya mata komai, ina kuka, na ce, “Kaka, me zan yi?” Ta gama ninke zanen da ke hannunta tukuna, sannan ta ce:

“Na sani tun ranar, jikata. Ke yarinya ce, ban so a riƙa nuna ki a coci ba. Na ɗauka faɗa za a yi mini a wuce. Ni dai ba zan faɗa ba, ko yau ko gobe. Amma ba na son tafiya.”