Sunan da Ke Cikin Littafin Rumfa

Erwin, Tennessee
14 ga Yuni, 1981

Zuwa ga Anti Daso,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da Malam Badaru da yara. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu na tsaya, kuma a kan gwiwa nake rubutawa a bakin gidan waya.

Kwalin da kika aiko ya riga mu isowa. Kilishin bai lalace ba, dakuwar ce ta ɗan narke. Allah ya saka da alheri.

Yau kwana takwas da Malam ya sauke mu a Hot Springs. Hanyar nan da suke kira Appalachian ba hanya ba ce yadda na zata. Turba ce irin ta shanu, tana hawa dutse tana sauka, an shafa farin fenti a jikin itatuwa don kada mutum ya ɓace. Ganye ya rufe sama ruf. A gida da inuwa nake gane azahar, a nan sai na duba agogo. Bayan kowane mil takwas ko goma akwai rumfa mai bango uku da ake kwana a ciki, kuma kowace rumfa da littafinta da fensir. Duk wanda ya wuce sai ya rubuta abin da ya ga dama, ya sa suna.

Ƙanwarki Rumasa'u lafiyarta ƙalau, ta ma fi ni ƙafa, kullum ita ce a gaba. Wani Bature mai gemu ya tambaye ni me ya kawo mu. Na ce matata ce ta ce za ta yi tafiya a hutun makaranta, ni kuma na ajiye facin taya a garejin High Point Road na biyo ta. Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan.

Ba ma magana sai ta ruwa da ta wuta, kuma ban matsa mata ba. Amma na lura da abu ɗaya. In ta tsaya hutawa ba ta sauke jakar bayanta. Sai ta riƙa ɗan jijjiga ta, hannunta na dama ya koma baya yana bubbuga gindin jakar. Ba ta san tana yi ba. Rabon da in ga ta yi haka tun Fabrairu, kafin rasuwar yarinyarmu. Ni sai in sunkuya in duba takalmina.

Kwali na gaba ki aika gidan wayar Damascus. A gaishe da kowa.

Naki,
Garzali

Greensboro
19 ga Yuni

Garzali,

Muna amsawa, kowa lafiya. Mai garejinku ya tare Malam sau biyu yana tambayar ka, wai yaran da ya ɗauka ba su san inda ake sa jak a ɗaga mota ba.

Zan gaya maka abin da aka ce kada in gaya maka, in ta yi fushi ta yi da ni. Kwana biyu kafin ku tafi Rumasa'u ta kawo mini akwati ɗaya da fasfo ɗinta. Ta ce in kun gama tafiyar nan ba za ta sake taka afatmen ɗinku ba, Zariya za ta koma, in nemo mata jirgin ƙarshen Agusta. Digirin ma ta ce ta haƙura, saura semesta ɗaya fa. Na ce to mijinki fa? Ta ce shi ai ya saba da nan, ba abin da ke damunsa.

Na buɗe akwatin, don ni ba na ajiye abin da ban san cikinsa ba. Kayan jaririyar ne, an wanke an goge an ninke.

Kai kuwa kana can kana duba takalmi. Ni na san kai mai haƙuri ne, amma haƙurinka ya yi yawa har ya fara kama da rashin kula. Ka yi mata magana.

Malam ya ce azumi Juma'a uku ga Yuli ko Asabar, kuma matafiyi yana da sauƙi, kada ka kashe kanka. Na ƙara garin kunu da dabino.

Antinku,
Daso

Damascus, Virginia
29 ga Yuni

Anti,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta same ni. Sau uku na karanta ta a bayan gidan waya, sannan na cusa ta a safa.

Garin nan sunansa Damascus, na shigo ina cewa ko masallaci ɗaya zan gani. Coci huɗu na ƙirga.

Na yi niyyar maganar, wallahi na yi. Jiya da la'asar muna wanki a bakin rafi na ce mata tafiya ta yi kyau. Ta ce ta yi. Na ce ƙafarta fa? Ta ce lafiya. Ita ce ta yi maganar. Ta ce mini, "Malam, ina so in riƙa tafiya ni kaɗai. Ka ba ni kwana ɗaya a gaba." Na tambaye ta ko na yi wani abu ne. Ta ce ban yi komai ba, shi ne ma.

Na bar mata tukunyar da risho, ni gwangwani ya ishe ni. Da safen nan ta wuce. Daga yanzu ki riƙa raba kwalin biyu, kowa da sunansa. Na gaba a Bland.

Garzali

Bland, Virginia
9 ga Yuli

Anti Daso,

Barka da shan ruwa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ban ga wata ba, ganye bai bari ba, na dai bi maganar Malam. Ina azumin, sai dai in hawan ya yi tsanani in sha in rama. Buɗa baki mutum ɗaya ba daɗi. Na wuce wani fili a kan dutse inda ƙananan dawakai ke kiwo ba mai su, ɗaya ya biyo ni yana lasar gishirin hannuna. Shi na yi wa hira ranar.

Ina ganin sawunta kullum. Takalminta na hagu ya fi cinyewa ta waje, ko cikin sawu goma zan gane shi. Inda ta kwana takan bar mini itace busasshe a ƙarƙashin rumfa.

Maganar littafin ce ta sa na rubuto. A kowace rumfa tana rubutu, da Hausa, amma ba sunanta take sawa a ƙasa ba. Sunan yarinyar take sawa. Kin san sunan, na mahaifiyata ne. Da na fara gani rufe littafin na yi na fita waje.

A wata rumfa ta rubuta, "Da yau ta cika wata tara. Da tana rarrafe." A ta shekaranjiya kuma ga abin da na tarar, na kwafo miki shi yadda yake:

"Wata huɗu ta yi a duniya, ba wanda ya kira ta da sunanta a gidan ubanta. Nas ce kaɗai ta kira, ita ma ba daidai ba."

Anti, 'yar fari ce. Kuma sunan mahaifiyata aka sa mata. Da wane baki zan kira? Babanmu har ya rasu bai taɓa faɗin sunan yayana Sanda ba, wannan yaron yake cewa, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ya son sa. Ranar jana'iza ban yi kuka ba don uban ɗan fari ba ya yi a gaban mutane. Ita ma Rumasa'u ai kunyar ta yi, ban taɓa jin ta kira ba. Na yi yadda aka koya mini. Ki gaya mini inda na kuskure, don ni na duba ban gani ba.

Wasiƙa ta gaba ki aika Pearisburg.

Garzali

Greensboro
12 ga Yuli

Garzali,

Barkanmu da ibada. Wasiƙarka ta hana ni girki, yara suka ci burodi.

Babanku bai kira Sanda ba, gaskiya ne. Amma kakarku ta kira, goggonninku sun kira, matan unguwa sun goya shi suna yi masa kirari da sunan. Da ya mutu yana jariri, da su za su cika gidan da kuka, uwa da uba su yi shiru a ɗaki, wasu na yi musu. A nan wa kuke da shi? Kai ka yi kunya, ita ta yi kunya, sai ɗakin ya zama ba kowa.

Ni aka bar wa wannan. Ni ce kakar, ni ce goggon, sai na ɓige da ce mata Bebi yadda yarana ke cewa. Yau Lahadi na sa Malam ya kai ni maƙabartar McLeansville. Na tsaya a kan kabarin na kira ta da sunanta sau uku. Ga ni nan, ban mutu ba.

Kana cewa ba ta yi maka magana. Mutum nawa ne a kan dutsen nan ke karanta Hausa?

Jirgin ban nema ba tukuna, amma ba zan iya yi mata ƙarya har abada ba.

Daso

A littafin rumfa
19 ga Yuli

Rumasa'u,

Sallama. Kada ki tsorata da ganin rubutuna a gabanki. Ban karya alkawari don in dame ki ba. Jiya na sauka titi, wani manomi ya ɗauke ni a bayan motarsa tare da buhunan abincin kaji, ya sauke ni inda turba ta sake ratsa kwalta. Kwana ashirin ina karanta naki, na ga ya kamata sau ɗaya ki tarar da nawa.

Ranar da aka haife ta, da aka miƙo mini ita, ƙaramin yatsanta na hagu a lanƙwashe yake kamar na mahaifiyata. Ban gaya wa kowa ba. Kullum in na dawo daga gareji nakan wanke hannu sau uku da sabulun wanki don kada warin taya ya taɓa ta, ke kina zaton tsabta ce kawai. Hular nan ruwan ɗorawa da kika nema kika rasa, tana aljihun sama na jakata. Tun Fabrairu take wurina. Da ita na hau kowane dutse.

Na ɗauka in na yi shiru na rage miki nauyi ne.

Sunanta Hadijatu. Hadijatu 'yata.

Na san maganar Zariya, kada ki ga laifin Anti. In kin tafi ba zan tare ki ba. Amma akwai maɓuɓɓuga kamar taku ɗari uku gaba da nan, hannun dama, inda aka shafa shuɗin fenti. Ina zaune a wurin har rana ta faɗi, gobe ma haka. In kin bi farin fenti kin wuce, zan gane, zan koma bayanki kwana ɗaya yadda kika ce. In kin sauko, ina so in faɗe shi da baki, kina ji.

Mijinki,
Garzali

Troutville, Virginia
25 ga Yuli

Anti,

Ina gaisuwa, ina gaishe da Baba Malam. Ni ce Rumasa'u.

Na sauka maɓuɓɓugar. Sai da ya gwada sau biyu muryar ba ta fito ba, a na uku ta fito. Ni ma na faɗa. Mun daɗe a wurin, har ya manta bai ɗebi ruwan buɗa baki ba.

Maganar tona asiri, za mu yi ta in na zo. Fasfo ɗin ki ci gaba da riƙewa, ban ce komai a kansa ba tukuna. Har yanzu ni ce a gaba, amma ina jin takunsa.

Sallah za ta same mu a hanya. Kwalin Waynesboro kada ki raba shi biyu.

Ƙanwarki,
Maman Hadijatu