Hanyar Ruwan da Baba Ya Sani

Daren Laraba, Daura

Ƙafafuna ciwo suke yi, amma sai na rubuta wannan. Yau Dakta Bilkisu, mai duba furojet ɗina na kammala jami'a, ta bi ni har ƙauyenmu bayan Sandamu don ta ga inda na ce a yi kwalbati. Wata uku ina awo, saura mako biyu in kare aikin a gaban malamai.

Ina cikin nuna mata wurin, Baba ya taso daga gona da fartanya a kafaɗa, ya ce, "Malama, ruwa ba ya bi ta nan. Da rani yaron nan ya yi awonsa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa sai ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, mu je ka nuna mana." Ta bi shi cikin gero har gindin kuka tana rubuta abin da yake faɗa, zaninta duk ƙarangiya.

A mota na ce ta yi haƙuri, bai yi boko ba. Ta ce, "Damina sittin yana karanta wurin nan. Gyara zanenka, ka sa sunansa."

Ni da ya haifa, ban taɓa tambayarsa ba.