Baƙar Roba Don Akori-kurar Amiru

Sabon Birni, Laraba.

Zuwa ga Yayana Hafizullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hadiyya da yara. Yaya Sakkwato da kasuwa? Mu nan sai godiyar Allah.

Na ga hoton jan kafet ɗin da ka zaɓa ma akori-kurata. Shina da kyau, Yaya, amma kada ka saye shi. Ka nemo mani shimfiɗar roba, baƙa, mai kauri, wadda bakinta ya ɗaga kamar na faranti, yadda za ni iya zare ta in watsa mata ruwa. Ban son mai gashi.

Ran kasuwa mun ɗauko gero za mu Isa, ni da maƙwabcina Dalhatu, shina zaune gaba shina ɓarar gyaɗa. Mun wuce Gatawa kaɗan sai 'yan bindiga sunka fito daga cikin dawa bisa babura. Ba su ko tsai da mu ba, wuta kawai sunka buɗe. Gilashi ya tarwatse mani a fuska, harsashi ya shiga wuyan Dalhatu. Na danne wurin da hannu ɗaya, ina tuƙi da ɗayan. Taya ta fashe, ban tsaya ba. Jini na bi ta tsakanin yatsuna da ɗuminshi. Ba mu kai Isa ba ya saki rigata da ya riƙe, ya cika.

Tsohon kafet ya sha jinin har ƙarfe. Na wanke da sabulu, na wanke da toka, amma da rana ta bugi mota sai ƙarnin ya taso. Na ɓamɓare shi na binne bayan gari.

Ka sa Dalhatu a addu'a.

Ƙanenka,
Amiru.

Isa, Lahadi.

Yaya Hafizullahi,

Sallama da fatan alheri gare ku duka. Roba ta iso, ta zauna daidai. Allah shi saka.

Shawararka ta in sai da mota in dawo wurinka, na ji, amma ba za ni iya ba. Jiya da hantsi anka afka ma manoma a Tozai, kuma babu wata mota kusa sai tawa. Na sa wata mata, Zulaiha, gaba, an sare ta a cinya. Da munka kai asibiti sai da na zaro robar da hannu biyu, a hankali kamar mai ɗaukar kwanon miya, na juye jinin bakin magudana. Zulaiha ta rayu, yau har ta sha kunu.

Akwai kuma maza uku masu rauni da na kwantar baya, su kuwa bisa ƙarfe tsura sunka yi tafiyar, kowane rami sai na ji kawunansu na bugawa. Guda ya cika a hanya.

Don haka ka koma wurin mai robar. Ina son babba ta bayan mota, mai taushi. Ban da abin awo a nan. Ka kwanta bisanta a shagon, in ta ɗauke ka daga kai har ƙafa, ka aiko.

A gaida Hadiyya.

Naka,
Amiru.