Muryar Wilf a Tafin Hannuna

Asabar, 6 ga Maris, 1954

Faifan Wilf ya iso. Ɗana, wanda ya tashi a layin nan namu na Burnley, yau ga muryarsa a cikin baƙin faranti mai huda a tsakiya. Sai dai ba Wilfred Ormerod aka rubuta ba, wai Clive Lorne. Mutanen Landan sun ce sunan ubansa ya yi nauyi a baki. Gara da marigayin bai gani ba.

Maƙwabciyata Ada Clegg ta kawo garmahonta, matan layi suka cika mini ɗaki. Ana ɗora allura Ada ta daina tauna biskit. Tsohuwa Misis Tattersall, wadda ko ranar binne mijinta idonta bai jiƙe ba, ta hau laluben hankici. Ikon Allah! Yaron da na sha kora daga kicin saboda ihu.

Ni ban ji komai ba. Injinan masaƙa sun cinye mini kunnuwa tuni. Na yi ta gyaɗa kai.

Talata, 9 ga Maris

Ada ta ce in gaya wa Wilf ba na ji. A masaƙa ƙara ba ta barin a ji juna, da leɓe muke hira ba sauti, daga wannan bango zuwa wancan. Shi ya sa muddin mutum na fuskantata ba ya gane halina. Faifai kuwa ba shi da leɓe.

"Nellie, kunnenki ya mutu, taurin kai ne ya rage miki," in ji ta. Na ce ita ma kunne ɗaya ya rage mata, ta rufa mini baki. Wai asibiti na ba da na'urar ji kyauta, akwati a ƙirji da waya har kunne. Ni in rataya akwati kamar kwandastan bas?

Ba zan gaya masa ba. Kada ya tsaya gaban jama'a yana waƙa da sanin cewa uwarsa ba ta taɓa ji ba.

Lahadi, 28 ga Maris

Ada ta bar mini garmahon. Da na dawo daga coci na dafa shi yana juyawa, sai na ji katakon na rawa. Inda Wilf ya ja murya, rawar har gwiwar hannuna. Na zauna haka shayina ya huce. Waƙar bayan faifan ta fi shiga jikina, a hankali take tafiya, kamar mai taku da sassafe. Ban san me take cewa ba, kuma kunya ta hana ni tambaya.

Alhamis, 8 ga Afrilu

An sa Wilf a rediyo jiya. Labarin ya ratsa masaƙa daga leɓe zuwa leɓe har ya iso injina.

Lahadi, 16 ga Mayu

Wilf ya zo gida, cikin kwat mai ruwan toka. Ya rame. Na yi masa nama da dankali, ya side kwano kamar da. Ya ba ni labarin yadda ake ɗaukar waƙa: masu goge cike da ɗaki, jar fitila ta kama, in mutum ɗaya ya yi tari a koma farko. Wai har Ostireliya ana sayen faifan. Na yi ta kallon bakin nan da na sha goge wa majina.

Ya sa sabon faifansa, ya tsaya bayan kujerata. Na lumshe ido, na ce kai, wannan ta fi ta farko daɗi.

Litinin, 17 ga Mayu

Ada ta ce ba a murɗa hannun garmahon sosai ba jiya. Waƙar ta yi sanyi tana gurnani kamar saniya, har ta tsaya cak, ni kuwa ina ta murmushi ido rufe. Ta ce Wilf ya daɗe yana kallon ƙeyata.

Ya koma Landan. Ban iya cin abinci ba yau.

Lahadi, 10 ga Oktoba

Jiya Wilf ya yi wasa a babban ɗakin wasa na gari. Layi har bakin kasuwa. An ajiye mana kujerun gaba, ni da Ada. Na juya na ga mutanen da na sani tun ina budurwa, baki sake, 'yan mata na miƙo hannu. Tsoro ma ya kama ni. Wannan daga cikina ya fito?

Da aka zo waƙar ƙarshe sai ya matso bakin dandamali, daidai saitina. Masu goge suna ta nasu, shi kuwa ya buɗe baki irin na masaƙa, ba sauti. Ai ya yi shekara a wurin kafin ya shiga soja, bai manta ba.

"Mama, na sani. Kalli bakina."

Rabin ɗakin 'yan masaƙa ne, duk sun karanta. Ko oho.

Ya rera ta yana fitar da kowace kalma, idonsa a kaina. Rawar da na ji a katakon kujera ita ce ta bayan faifan nan. Ashe labarin wata mata ce mai takalmin katako, da ke fita masaƙa kafin gari ya waye, ta bar wa ɗanta shayi a bakin murhu. Tun Maris take ƙarƙashin hannuna ban sani ba.

Na yi kuka a gaban duk Burnley. Ada ta ba ni hankicinta, shi ma a jiƙe.

Alhamis, 14 ga Oktoba

Na leƙa asibiti. Ba don komai ba, mitar Ada ce ta ishe ni. Likita ya ce kada in sa rai da yawa, wataƙila kaɗan ne zai dawo. Akwatin bai kai munin da na zata ba.

Ya tambayi abin da na rungume a cikin tawul. Na ce faifai ne kawai, na wani yaro ɗan layinmu.